Wa Aka Ce Ya Yi Tawali'u? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiya

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Alheri da salama su tabbata a gare ku. Ina gaishe ku da aiki, da ɗawainiyar garken da aka danƙa a hannunku. Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa zama a ajin tauhidi ba. Malamin makarantar Lahadi ne ni, na daɗe ina koya wa yara haddar ayoyi, cikinsu har da Matiyu 5:5, inda Ubangijinmu ya sa wa masu tawali'u albarka, ya ce su ne za su gāji duniya. Wannan ayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗa ne ke magana a gaban iyayensa, saboda haka in na kauce ku gyara mini, amma ina roƙo ku bari in kai aya tukuna.

Abubuwa biyu na gani da idona, sun ƙi barin zuciyata. Na farko a taron ikilisiya ne. Wani saurayi ya ɗaga hannu, ya gaida manya yadda ya kamata, sannan ya tambayi yadda aka kashe kuɗin da aka tara domin gini. Bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Amsar da ya samu daga teburin dattawa ita ce ya je ya koyi tawali'u. Ya zauna, kunya ta rufe shi, kuma ban sake ganinsa a irin wannan taro ba. Na biyu, wata 'yar'uwa ce ta zo da fuska a kumbure. Aka zaunar da ita, aka buɗe mata 1 Bitrus 3:4, aka karanta mata zancen ruhu mai tawali'u da natsuwa, aka ce ta koma ɗakinta ta ci gaba da addu'a. Ba wanda ya aika a kira mijin. Da an gangara ayoyi uku kacal, da an iske aya ta 7, inda aka umarci maza su girmama matansu domin kada addu'arsu ta tsaya a hanya. Ranar nan karatu bai kai can ba.

Tun daga lokacin na fara kasa kunne ga yadda muke amfani da kalmar. Sai na lura kullum gangarowa take yi. Babba ke faɗa wa ƙarami, miji ke faɗa wa mata, mai kujera ke faɗa wa mai tambaya. Da wuya ka ji ta hau sama. Ta zama kamar takunkumin da ake sa wa wanda ba a so ya yi magana. Na koma Littafi Mai Tsarki in duba ko haka yake a can, sai na tarar da akasin haka, kuma abin da na tarar shi ne na kawo muku.

Mutumin farko da Nassi ya kira mai tawali'u ƙwarai, fiye da kowa a bayan ƙasa, shi ne Musa, a Littafin Ƙidaya 12:3. Ku duba wane ne shi a lokacin. Shi ne ya tsaya gaban Fir'auna, shi ke shari'a tsakanin jama'a, shi ke hawa dutse ya sauko da doka. Duk zangon Isra'ila babu mai ikonsa. Ku kuma duba inda aka saka ayar. Yayyensa, Maryamu da Haruna, sun yi gunaguni a kansa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush, har suka ce ai ba ta bakinsa kaɗai Ubangiji ke magana ba. An taɓa iyalinsa, an taɓa muƙaminsa, a cikin gidansu kuma. Musa bai ce uffan ba. Allah ne da kansa ya kira su ukun ya yi magana, Maryamu ta kamu da kuturta. A nan ne muka ji muryar Musa karo na farko a surar, yana kuka ga Allah ya warkar da ita. Jama'a duka suka dakata kwana 7, ba su tashi ba sai da aka dawo da ita zango.

Sura ɗaya kafin wannan, an kawo masa ƙarar Eldad da Medad, wai suna annabci a zango alhali ba su je alfarwa tare da sauran dattawa ba. Joshuwa ya ce a hana su. Musa ya tambaye shi ko kishi yake taya shi, ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Iyayena, sau nawa aka kawo muku labarin wani matashi da baiwarsa ta fara fitowa, zuciyarku ta amsa irin wannan amsa?

Kada kuma a ce ai Musa haka aka halicce shi, mai sanyi. Wannan shi ne mutumin da ya kashe Bamasare ya binne a yashi yana ɗan shekara 40, ya gudu Madayana ya yi wasu shekaru 40 yana bin tumakin surukinsa. Shi ne ya farfasa allunan dutse, ya ƙone ɗan maraƙin zinariya, ya niƙe shi, ya barbaɗa a ruwa ya sa jama'a suka sha. Zafin zuciyarsa bai mutu ba. Abin da ya sauya shi ne dalilin da ke tayar da shi. In an taɓa sunan Allah sai ya tashi, in an taɓa nasa sai ya bar wa Allah. Ranar da ya haɗa biyun, a Meriba, ya kira jama'a 'yan tawaye ya bugi dutse sau biyu, ranar ce aka gaya masa ba zai shiga ƙasar alkawari ba. Hukuncin ya yi nauyi domin shugaba ne.

Kalmar da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce praus. Helenawa sukan faɗe ta a kan dabbar da aka horar, wadda ƙarfinta yana nan amma tana jin linzami. Aristotal, masanin falsafa Bahelene, ƙarni huɗu kafin haihuwar Almasihu, ya sa wannan hali a tsakiyar mai fushi a kan kome da wanda ba abin da ke sa shi fushi, ya ce mai shi yakan yi fushi a kan abin da ya dace, da wanda ya dace, a lokacin da ya dace. Bangaskiyarmu ta ƙara wani abu da shi bai faɗa ba: linzamin yana hannun Allah. Shi ya sa Bulus ya lissafa tawali'u cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:23, kusa da kamunkai. To, wa ake sa wa linzami? Doki mai ƙarfi. Ba a taɓa wahalar neman linzami domin ɗan tsako ba. Wanda ba shi da ikon ramawa, in ya yi shiru, ba mu san ko tawali'u ne ko dole ce ba. Sai ranar da sanda ta shiga hannun mutum ake sanin halinsa.

Yesu bai cika siffanta zuciyarsa da bakinsa ba, amma a Matiyu 11:29 ya yi, kuma abin da ya zaɓa ya faɗa shi ne shi mai tawali'u ne, marar girman kai. Ya faɗe shi ne a matsayin dalilin da zai sa gajiyayyu su zo wurinsa ba tare da fargaba ba. Tawali'un malamin ne ya sa karkiyarsa ta yi sauƙi. A lambun Getsamani ya ce wa wanda ya zare takobi ya mayar da shi kube, ya ƙara da cewa in ya roƙi Ubansa za a aiko masa da rundunonin mala'iku fiye da 12. Ikon yana nan, shi ne ya ƙi taɓa shi. Da Yakubu da Yahaya suka nemi a sauko da wuta a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Yahaya 13 kuwa ya ce Yesu yana sane Uba ya sa kome a hannunsa, daga nan ya tashi ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi.

Ga kuma inda nake so mu tsaya kaɗan, domin nan ne wa'azinmu yakan tsallake. A gaban Hanana, wani dogari ya mari Yesu. Bai rama ba, amma kuma bai sunkuyar da kai ya haɗiye ba. Ya ce masa in ya faɗi abin da ba daidai ba ya nuna, in kuwa daidai ya faɗa, don me ya mare shi? Wannan yana Yahaya 18:23. Mai tawali'u na gaske ya yi tambaya a gaban babban firist. To saurayin nan da ya tambayi lissafin kuɗi, wane laifi ya yi wanda Ubangijinsa bai yi ba? Shi ne kuma ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, ya kira malaman Attaura fararen kaburbura a Matiyu 23. Kakkausar maganarsa kusan duka a kan shugabannin addini ta sauka. Ga mace da aka kama da zina, ga mai karɓar haraji, ga kuturu, sai taushi, kamar yadda Ishaya 42:3 ya faɗa, cewa ba zai karya tanƙwararren kara ba, ba zai kashe fitilar da ta kusa mutuwa ba. Mu kuwa mun juya abin: taushi ga mai hali, tsawa ga tanƙwararre.

Bulus ma haka. A Ayyukan Manzanni 16, a Filibi aka yi masa dūka tare da Sila ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi bai gudu ba, ya ma hana mai tsaron kurkukun kashe kansa. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ce sam, su Romawa ne, an dūke su a bainar jama'a, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fito da su. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ya ceci ran wanda ya sa ƙafafunsa a turu, ya kuma nemi haƙƙinsa a wurin hukuma. Da a ce 'yar'uwar nan mai kumburarriyar fuska ta san wannan sura, da ta san neman kariya bai fitar da ita daga sahun masu tawali'u ba.

Gaskiya ne, an umarci dukan masu bi su yafa wannan hali, Afisawa 4:2 da Kolosiyawa 3:12 ba su ware kowa ba. Amma ku ƙirga sau nawa aka kama sunan ma'aikacin ikilisiya musamman. A 2 Timoti 2:24-25 an ce bawan Ubangiji kada ya zama mai husuma, ya riƙa gyara masu hamayya da shi cikin tawali'u. A 1 Timoti 3:3 an ce mai kula da ikilisiya kada ya zama mai saurin hannu ko mafaɗaci. Galatiyawa 6:1 ta ce in an kama wani da laifi, waɗanda suke na ruhu su komo da shi da ruhun tawali'u, suna lura da kansu. Wato a zaman horo, mai yanke hukunci aka fara ɗora wa nauyin kafin mai laifin. Bitrus kuma, wanda ya taɓa sare kunnen mutum, ya tsufa yana roƙon dattawa kada su nuna wa garke sarauta. Magabata sun ce babba juji ne. Ba su ce ƙarami ba.

Na san abin da wasunku za su ce, domin na ji shi, kuma matasa sun fi faɗarsa da zafi: duniyar nan ba ta masu sanyi ba ce, wanda ya sunkuya shi ake hawa. Ba sabuwar magana ba ce. Bajamushen nan masanin falsafa, Nietzsche, ya rubuta a 1887 cewa raunana ne suka rasa ƙarfin ramuwa, sai suka sa wa gazawarsu sunan nagarta. Ba na so in yi saurin watsar da zarginsa, domin irin tawali'un da muke koya wa na ƙasa da mu, wanda ake haɗiye fushi a ciki yana ruɓewa, ya dace da abin da ya kwatanta. Amma akwai mutanen da maganarsa ba ta iya ɗauka.

A 1569, a ƙasar Holan, an tsare wani mai bi sunansa Dirk Willems saboda ya karɓi baftisma yana babba. Ya tsere, ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai binsa ya fi shi nauyi, ƙanƙara ta fashe da shi, ya fara nutsewa. Dirk ya riga ya haye. Ya juyo ya ciro shi. Aka sake kama shi, aka ƙone shi a watan Mayu na shekarar. A daidai lokacin da ya juyo, wa ke da iko a kan ran wani? A ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam a gidan Martin Luther King, faston da ke jagorantar baƙaƙen fata wajen ƙaurace wa motocin bas saboda wariyar launin fata, a Montgomery ta Amurka, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Jama'a suka taru a fusace, wasu da makamai. Yana ɗan shekara 27, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kunna garin. Ya fito ya ce su mai da makamansu gida. Amma bai ce su koma su hau motocin da ake wulaƙanta su a ciki ba. Ƙauracewar ta ci gaba har ta cika kwana 381, kotun ƙoli kuma ta rushe dokar wariyar. A Yuganda, Akbishop Janani Luwum da sauran bishop-bishop sun rubuta wa Idi Amin takarda a kan kisa da ɓacewar mutane. Ba shi da bindiga, bai kuma yi shiru ba. A watan Fabrairu 1977 aka kashe shi, gwamnati ta ce hatsarin mota ne.

Biyu daga cikin ukun nan tawali'unsu bai cece su daga hannun waɗanda suka fuskanta ba, King ma harbe shi aka yi a 1968. Na faɗi haka ne don kada mu sayar wa jama'a wannan hali kamar dabarar cin riba, a ce yi sanyi ka samu ƙarin girma. Yesu ya ce za su gāji duniya, gādo kuwa ba ƙwace ba ne, ba kuma lada ba ne na wayo, Uba ne ke bayarwa a lokacinsa. Ya ɗauko maganar ne daga Zabura 37:11, zaburar da ta buɗe da cewa kada a yi ɓacin rai saboda mugaye, ta yi ta maimaita a dogara ga Ubangiji, a jira shi, a bar fushi. Mai tawali'u ya yarda akwai Alƙali, shi ya sa bai ɗauki shari'ar kansa a hannunsa ba. Ibrahim ya bar wa Lutu ya zaɓi ƙasa alhali shi ne babba, Lutu ya ɗauki kwarin Urdun mai dausayi, bayan rabuwarsu kuma Allah ya ce wa Ibrahim ya ɗaga ido ya duba gabas da yamma, kudu da arewa. Dawuda ya iske Saul sau biyu a hannunsa, sau ɗaya a kogo sau ɗaya yana barci, ya yanki gefen riga, ya ɗauki mashi da butar ruwa, ya bar masa ransa. Sarautar ta zo, amma ta ɗauki shekaru.

Kada ku ga kamar na wanke kaina. Wata Lahadi wani yaro a ajina ya ce na yi kuskure wajen faɗin wata aya. Gaskiyarsa ce, na haɗa ayoyi biyu. Maimakon in duba, sai na ce masa ba a gyara wa babba magana, ya yi shiru ya koyi ladabi. Yara suka yi tsit. Da na koma gida na buɗe Littafin, sai na ga abin da na yi daidai yake da abin da aka yi wa saurayin nan a taro, kujerata ce kawai ta fi ƙanƙanta. Mako ya zagayo na tsaya gaban aji na ce yaron ne ke da gaskiya, ni ne na yi kuskure, na kuma ba shi haƙuri. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, haka ake cewa, amma gwiwa takan yi ƙara kafin ta kai ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaran sun fi sakin jiki da tambaya tun daga ranar, ajin kuma bai lalace ba.

Saboda haka ga roƙona. In za ku yi wa'azin Matiyu 5:5, ku fara yinsa a taron dattawa kafin ku hau mumbari da shi. In wani ya tambayi lissafi, a buɗe masa littafi, Bulus da kansa ya nemi ikilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka shi da gudummawar Urushalima don kada a sami abin zargi. In mace ta zo da rauni a jikinta, a fara nema mata wurin da za ta kwana lafiya, a kira mijin, shi a karanta masa nasa rabon ayar, in abin ya kai ga hukuma kuma kada a hana ta. In za a sa wani a horo, a tambayi kai ko ana so ya dawo ne ko ana so ya ji jiki. Waɗanda kuma suke kāre bangaskiya da zagi da gori, ku tuna musu 1 Bitrus 3:15-16 ta haɗa ba da amsa da tawali'u da bangirma a numfashi ɗaya, kuma sun fi koyon salon magana daga abin da suke ji a bakinku ran Lahadi.

Akwai kuma saurayin nan. Na san a ikilisiyoyi da yawa akwai irinsa, wanda aka zaunar da shi da wannan kalma ya tafi bai dawo ba. Yana nan da rai, an san gidansu. Ina roƙon ɗaya daga cikinku, wanda ya fi kowa girma in zai yiwu, ya taka ya je ya same shi, ya tafi da littafin lissafin a hannu.

Naku cikin Almasihu,
Wani malamin makarantar Lahadi